Waɗanda Aka Buɗe Wa Ido

Da na ɗaga kwandon da na kife a kan faranti, sai na ga jerin sojojina ya yi giɓi kamar bakin tsoho. Jiya da yamma na bar su cike da faranti. Yau da safe rabinsu babu.

Sojojin nan ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Yayana Bashir ne yake fitar da su da wani inji a shagonsa na kwamfuta, su fito fari fat, shi da abokansa su jera su a tebur suna yaƙi da su, suna jefa ƙwayar lido. Ni ban iya wasan ba. Lalle nake yi wa amare, kuma da Yaya Bashir ya ga hannuna ba ya rawa, sai ya sayo mini fenti da ɗan siririn buroshi. A watan nan aka sa gasa a intanet: kowa ya fente runduna guda, ya tura hotonta kafin Juma'a. Tawa rundunar gajerun mayaƙa ce masu gemu da gatari, sai wani dodo mai fukafukai da ya fi su duka girma. Na yi musu alkyabba shuɗiya irin ta rinin baba.

Ban yi ihu ba, don ban iya ba. Hassana, matar Yaya Bashir, ita ta tarar da ni a tsaye a ɗan ɗakin da nake aiki, wanda yake tsakanin zaure da tsakar gida. Ta leƙa farantin, ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! An shigo mana! Jama'a, an yi sata!"

Kafin hantsi matan maƙwabta sun cika gidan. Wata ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da 'yan gumakan nan ba. Wata ta ce aljanu ne suka zo suka kwashi 'ya'yansu. Wata ta rage murya ta ce irin su ake kai wa boka a binne da sunan mutum. Kowa na magana, amma idon kowa yana zaure, inda Mailafiya yake kwana.

Mailafiya ɗan dako ne, mutumin wajen Sumaila. Da baro yake tura kaya a kasuwar Ƙofar Wambai, har da robobin shagon Baba, kuma ya daɗe yana kwana a zaurenmu. Baba ya fito da hula a hannu. Alhaji Gali ake ce masa a kasuwa, kuma kowa ya san zuciyarsa a kusa take.

"Ƙofar gida a sakale take ta ciki," in ji Baba. "Wa ke kwana kusa da sakata? Miƙo hannunka!"

Mailafiya ya miƙa. Ga shuɗin fenti a yatsunsa da bakin hannun rigarsa. Matan suka yi salati gaba ɗaya.

"Alhaji, wallahi..."

"Rufe mini baki. Zuwa la'asar, ko kayan yarinyar nan su fito, ko ka kwashe naka. Kuma da bakina zan faɗa a layinmu kada wanda ya ƙara ɗora maka ko tsinke."

Mailafiya ya durƙusa inda yake. Ɗan dako ba shi da jari sai sunansa. In aka ce ɓarawo ne a Wambai, ya gama cin abinci a birnin nan.

*

Yaya Bashir ne ya kira Baffa Gidaɗo a waya. Shi ne wan Baba, kuma tun yana saurayi a ruga aikinsa bin sawun shanun da aka sace. Yanzu ya manyanta, yana zaune a Ƙofar Ruwa, amma 'yan sintiri har gobe suna nemansa in abu ya ɓata.

Ya shigo da sandarsa a kafaɗa. Sai da ya fara zuwa ƙofar ɗakin Uwa, kakarmu, ya tsuguna daga nesa ya gaida ta. Ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa a ciki-ciki. Haka suke tun da na taso. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa doguwar magana. In dole ta ambace shi, sai ta ce "mutumin nan".

Baffa ya sallami matan maƙwabta da murmushi, ya ce sun tattake masa ƙasa. Sannan ya tsuguna a bakin ɗakin aikina ya daɗe yana kallon tsakar gida.

"An yi shara," ya ce. "Wa ya share?"

"Ni mana, Baffa," in ji Hassana da sauri. "Wa ke shara a gidan nan in ba ni ba? Bauta ai ni aka kawo wa ita."

"Sannu da ƙoƙari," ya ce, bai ɗago kai ba.

Ya dube ni. "Zubaida, biyo ni. Kayanki ne, ke kika san kamanninsu."

*

Muka tarar da Mailafiya a zaure ya ɗaure 'yan kayansa a buhu. Kusa da shi akwai ƙwaryar fura da bai taɓa ba.

"Kawo hannun," in ji Baffa. Ya sunsuna, ya ce mini in ɗauko shuɗin fentina, shi ma ya sunsuna. "Naki ba ya wari. Da me kike wanke buroshi?"

"Da ruwa," na ce.

"Wannan kuwa sai kananzir. Ina ka samo shi?"

"Bokitan fentin gini na kai wa wani mutum a unguwar Goron Dutse jiya, ranka ya daɗe. Ɗaya ya tsiyaya. Na so in faɗa, Alhaji bai bar ni ba."

Na ji daɗi, na ɗauka magana ta ƙare. Amma Baffa bai sake shi ba.

"Fenti ya wanke ka daga fenti, bai wanke ka daga ƙofa ba. Da asuba ka fita masallaci?"

"Na fita, tare da Alhaji da Bashir. Na jawo ƙofa, da muka dawo na mayar da sakata na ɗan ƙara kishingiɗa."

"Ka ga kowa a lungu?"

"Sai akuyar gidan Malam Musa."

"Ka taɓa shiga ɗakin nan?"

Mailafiya ya sunkuyar da kai.

"Na leƙa shekaranjiya," ya ce. "Dodon nan na so in gani da kyau, in ba 'yata labari in na je gida. Wallahi ban taɓa ba."

Baffa bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya nuna ƙwaryar da sanda. "Wa ya aiko maka da fura?"

"Uwa ce ta sa aka kawo, bayan Alhaji ya gama faɗa. Har da sukari. Amma ina zan iya sha?"

"Ta saba aiko maka?"

"A'a. Sai dai da salla."

*

Hassana ta tare mu a soron ciki, tana raɗa kamar bango zai ji.

"Baffa, ni fa ba na son gulma. Amma Firdausi ta zo jiya. Da Zubaida ta fita ɗebo mata ruwa, da idona na ga tana ta ɗaukar kayan a waya. Kuma ita ma tana cikin gasar nan."

Firdausi ita kaɗai ce ƙawata. Tare muka yi firamare, ita ta ci gaba, ni na tsaya. Ban so mu je ba, amma Baffa ya riga ya yi gaba. Gidansu a gindin Dala yake, mun bi ta lungun masu dukan tukunya muka isa.

Ta fito zaure da fenti a goshi. Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta riƙe ƙugu.

"Au, ni ake zargi? Zubaida, kina tsaye ana ce mini ɓarauniya, kin yi shiru kamar an ɗinke miki baki?"

"Ba wanda ya ce," in ji Baffa. "Hoton me kika ɗauka?"

Ta ɗan kau da kai. "Shuɗin nan nata. Na yi na yi ya fito mini haka, ya ƙi. In na tambaye ta sai ta ce ‘haɗawa kawai nake’, kamar miya. To na ɗauka in je in duba a nitse. Laifi ne?"

"In rabin rundunarta ya ɓata, ke za ki ci gaba a gasar."

"Baffa, ka yi haƙuri, amma ba ka san aikin ba. Da ni ce, me zan yi da 'yan gemun nan? Dodon zan ɗauka. Shi ne zai ci mata gasar, kowa ya gan shi ya sani. An bar dodon?"

"An bar shi," na ce.

"To wanda ya yi satar nan bai san abin da ake sata ba."

Baffa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya saɓa sandarsa, muka kamo hanyar gida.

*

Ya sa na ɗauko farantin na fito da shi haske. Ya tsuguna ya kusanto da fuskarsa.

"Ɓarawon shanu mai ƙiba yake kora," ya ce. "Wannan ya bar bijimi ya kwashi maruƙa. Ya bar fenti, ya bar buroshi. Kuma bai yi gaggawa ba, ga shi ya tsallake na gaba ya ɗauki na baya, bai tuntsurar da ko ɗaya ba. Zaɓe ya yi. Me waɗanda suka tafi suke da shi da waɗannan ba su da shi?"

Na dube su. Duk alkyabbarsu ɗaya, gatarinsu ɗaya. Sai na kai ga fuskokin.

"Waɗannan ban buɗe musu ido ba tukuna."

"Me kika ce?"

"Ido nake yi a ƙarshe, Baffa. Ɗigon fari, sannan ɗigon baƙi. In na yi, sai in ce na buɗe musu ido. Jiya na buɗe wa rabinsu. Su ne babu. Shi ma dodon ban buɗe masa ba."

"Wa ya ji kin faɗi wannan kalmar?"

Na tuna. Jiya bayan la'asar muna tsakar gida na faɗa wa Yaya Bashir, shi kuma ya yi dariya ya ce, "To ai saura su yi numfashi." Hassana tana wajen tana tankaɗe. Uwa tana kan tabarmarta da rediyo a gefe.

Baffa ya miƙe a hankali. Ya kira Hassana, ya nuna mata ƙasa.

"Ke in kina shara, tun daga bakin rijiya ake ganin jan tsintsiyarki, dogo, kina sauri ki gama. Ga naki na jiya can gefen murhu. Wannan kuwa gajere ne, na wanda yake shara yana dafa bango. Kuma hanya ɗaya kawai aka share. Ki gaya mini gaskiya."

Hassana ta murguɗa baki, sannan ta yi dariyar kunya. "To Baffa, na tashi na tarar an rage mini aiki. In ce ba ni ba ce, a ce ban yi komai ba?"

Na bi layin sharar da ido. Ya tashi daga ƙofar ɗakin aikina, ya bi jikin bango. Da na ga ya tsaya a ƙofar ɗakin Uwa, sai na mayar da idona ƙasa.

"Baffa," na ce, "ka tambaye ta mana."

"Ni?" Ya girgiza kai. "Mutum ɗaya ne a duniya ba zan iya tsayawa gabansa in ce ‘ina kika kai’ ba. Kuma in na ce na sani, mahaifinki zai ce na zagi uwarsa don in ceci bare. Dole bakinta ya faɗa."

*

Bayan azahar ya tara kowa a tsakar gida. Baba ya dawo daga kasuwa yana huci. Yaya Bashir da Hassana suna jikin rijiya. An kira Firdausi, ta zo ta zauna tana hararar kowa. Mailafiya ya tsuguna a bakin soro da buhunsa. Uwa tana ƙofar ɗakinta tana jan carbi, fuskarta a bango.

"Hamma, ka gano ko ba ka gano ba?" in ji Baba, don haka yake kiran wansa. "Ni na bar shago."

"Sawu ya ɓace mini," in ji Baffa. "An share. Tunda haka ne, kada yarinya ta yi asara biyu. Juma'a ta kusa. Zubaida, ɗauko dodonki ki buɗe masa ido yanzu a gabanmu, a tura hotonsa. In kin gama ki buɗe wa sauran."

"Wannan ne binciken?" in ji Baba. "To la'asar ta kusa. Mailafiya, ka ji."

Na zauna a kan turmi da dodon a tafin hannuna. Ban taɓa aiki mutane suna kallona haka ba, ko amare sai an rage jama'a nake zana musu. Na tsoma buroshi a farin fenti. Gidan ya yi tsit. Na ji ƙarar carbin Uwa ta tsaya.

Na kai bakin buroshin kusa da ramin idon.

"Ke! Ajiye!"

Ban san Uwa tana da saurin nan ba. Ta taso tana dafa bango, ta damƙe wuyan hannuna.

"Ba ki ji ba? Ajiye! Waɗancan ba su ishe ki ba, sai kin ƙara da wannan mai haƙora? Da wane numfashin za ki busa masa?"

Baba ya matso kusa.

"Uwa," in ji Baba a hankali, "waɗanne?"

Ta saki hannuna. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ban da Baffa. Sannan ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar kwanukan jerenta, ta fito da ƙaramar kwalla ta ajiye a gabana. Sojojina suna ciki a kwance a kan auduga. Kowanne an ɗaure masa ido da siririn ƙyalle.

"Na ji malam a rediyo," ta ce. "Ya ce mai yin surar abu mai rai, ranar gobe za a ce ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Ban gama jin wannan ba sai ga wannan ja'irar tana cewa ta buɗe musu ido, wancan shashashan yana cewa saura numfashi. Na kwana ban runtsa ba. Da maza suka tafi masallaci na je da reza in kankare idanun. Sai na ga duk sun zuba mini ido, ga wahalar da ta sha a kansu. Na kasa. Na ce bari in rufe su in ɓoye, ko a rage mata nauyi."

"Wasa fa nake yi, Uwa," in ji Yaya Bashir.

"Da lahira ake wasa, mai kan kwakwa?"

Baffa ya juya mata baya sosai, ya fuskance ni. "Zubaida, ki gaya wa kakarki, maganar sura a kai ta gaban malamai, su suka san iyakarta. Amma ki tambaye ta, wanda aka ɗora wa sata tana kallo, shi wane malami za a tambaya?"

Duk suka dube ni. Na faɗa, kalma bayan kalma, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Uwa ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan, na ɗauka faɗan Gali ne irin na kullum, ya tashi da safe ya faɗi da rana."

Baba ya cire hula ya sosa ƙeya. "To. Mailafiya, ka yi haƙuri. Kwance kayanka."

Mailafiya bai kwance ba.

"Alhaji, ba zaure ne damuwata ba. Ko a rumfa zan kwana. Amma matan da suka fita daga gidan nan da safe, mazajensu a Wambai suke. Tun hantsi wayata ba ta yi ƙara ba, ni da ake kira tun kafin in karya. Labari ya riga ni zuwa kasuwa."

"Zan yi musu bayani gobe."

"Za su ce rufa mini asiri ka yi, ranka ya daɗe."

Sai Uwa ta ce, "Hassana, ɗauko mini mayafina."

*

Mai adaidaita ya sauke mu a bakin kasuwa, don ba ya shiga layin 'yan roba. Uwa ta yi taku kaɗan, gwiwa ta ƙi. Ta dubi baron Mailafiya da ke ɗaure a jikin wata rumfa.

"Kai, shimfiɗa buhu a ciki."

"Uwa, don girman Allah," in ji Baba, "a gaban abokan kasuwata?"

"A gaban wa ka duba hannunsa?"

Haka Mailafiya ya turo ta cikin layin, a zaune a baro, ta riƙe gefe da gefe, ni da Firdausi muna biye, Baba yana can baya kamar ba tare muke ba. Baffa ya tsaya a bakin titi, don ba zai iya kallo ba. Mutane suka fara leƙowa daga shaguna. A tsakiyar layin ta ce a tsaya.

"Ku ne kuka ji an yi sata a gidan Gali?" ta ce, da muryar da take kiran kaji da ita. "To ga ɓarauniyar an kawo muku har gida. Ni na ɗauka, ni na ɓoye. Wannan bawan Allah ko tsinke bai taɓa ba. Wanda ya kai waccan maganar gaba, ya kai wannan ma."

Sai wani ya fashe da dariya, layin duka ya ɗauka. Wani dattijo mai shagon bokitai ya fito yana share hawaye.

"Hajiya, Allah ya ƙara girma. Mailafiya! Ina ka shige tun safe? Ga kayan kasuwar Rimi nan suna jiranka, zo ka ɗauka."

Mailafiya ya saki hannun baron zai nufi shagon. Uwa ta buga gefen baron da tafin hannu.

"Ina za ka? Wa zai sauke wannan kayan? Sai ka kai ni bakin titi tukuna. Kuma ka bi a hankali, ba robar Gali ka ɗauko ba."